Tikiti Biyu a Lusail

Duk masu cewa na je Doha cin amarci, ku ji da kyau. Shekara biyu da aure, wata uku muka zauna tare. Kwantiragin mijina na gadi ya kusa ƙarewa, yana so ya sabunta, ni kuma na je in gani da idona ko jiran zai yiwu.

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da wata hajiya mai kai wa ɗanta kilishi. Da yunifom mijina ya tarbe ni, ya ajiye ni unguwar Mu'aither wurin wata 'yar Zangon Ghana, don ɗakinsa na unguwar Bin Omran su shida ne, duk maza. Matar akwai kirki, wake da shinkafarta akwai yaji, amma ita ma aiki take fita. Sai ni da esi. Tituna fes, ba mai ce maka sannu. Shayin karak kaɗai ne mai araha, na sha har ya gundure ni.

Ranar hutunsa ya yankar mana tikitin wani tsohon fim marar kala, a ginin da yake gadi a Lusail. Da safe aka kira shi aiki, abokin aikinsa ba lafiya. Ya ce in je ni kaɗai.

A ƙofa na same shi, ogansa tsaye a baya. Na ce, "Sannu da aiki."

Bai ɗago ba. "Madam, buɗe jaka."

Jakar lefena ce, shi ya saya. Ya leƙa, ya ce "Yalla," wato in wuce, ya kira na bayana.

A fim ɗin an raba birni biyu da waya mai ƙaya, kowane gefe da sojojinsa. Yarinya a nan, saurayi a can. Kullum da yamma ta hau bene ta ɗaga masa hannu, har ta fara furfura. Ta ishe ni. Na ce a fili, "Ke, ki tsallaka ko ki san inda kika nufa!" Wata Baturiya ta juyo ta harare ni. Kujerar gefena ba kowa.

Da na fito an mayar da shi wata ƙofar. Saƙo ya turo: "Yi haƙuri, akwai kyamara."

Ba laifinsa ba ne, na sani. Amma a can ma jira na yi, waje kawai na canza. Da na sauka Kano na kira shi, na ce in ya sabunta ba zan hana ba, sai dai ba zan ƙara zama a gidansu ina gadin waya ba. Litinin zan je in yanki fom ɗin makarantar jinya.