Akurkin Yelwa a Abbey Wood

Duk wanda ya taɓa sayen kaza a kasuwar Malumfashi a wancan zamani ya san Yelwa. Gajera ce, ga baki, ba ta barin ta kwana. Tun tana budurwa take kiwon kaji, har ta aurar da 'ya'ya, har mijinta ya rasu, ba ta taɓa kwana a gidan da zakara ba ya cara ba.

Sai ga kuɗin fetur ya ɓarke. Gwamnati ta shiga kwasar samari tana turawa Ingila karatu, aka haɗa da autanta Badaru da matarsa Shafa'atu. Can suka haihu. Da karatu ya sha musu kai, suka yi abin da ɗalibai da yawa ke yi a lokacin, suka kai jaririyar, Asama'u, wurin wata Baturiya mai raino ana ce mata Jane. Can take kwana, sai ƙarshen mako a ɗauko ta. Yelwa ba ta ji labari ba sai da yarinya ta doshi shekara huɗu. Ai kuwa ta hana kowa sakat sai da aka sa ta a jirgi.

Gidan su Badaru yana wata unguwa ana ce mata Abbey Wood, da ɗan fili a baya, bayan filin kuma daji ne mai duhu. Gidan Jane na ƙetaren wani babban titi da motoci ba sa tsaya wa kowa. Ko hutawa Yelwa ba ta yi ba ta sa aka kwaso jikarta da kayanta kaf.

"Auta, ka ce wa matar nan mun gode, Allah ya saka. Raino ya ƙare."

"Inna, a bi a hankali," in ji Badaru. "Garin nan ba kamar gida ba ne. Akwai waɗanda aka je har kotu, aka bar wa mai raino yaron."

"Kotu? A kan jinina? Kai dai tafi makarantarka."

Da rana babu laifi. Asama'u takan ci tuwon kakarta, takan bari a yi mata kitso, in an yi mata Hausa ta amsa da Turanci. Amma da zarar rana ta yi ja, sai ta ɗauko 'yar rigar sanyinta ta tsaya a bakin ƙofa tana cewa "Mummy Jane." Wallahi abin nan yana cin Yelwa a rai, har takan juya baya don kada a ga idonta.

Shirun gidan ma ya ishe ta. Ta matsa wa Badaru ya sayo mata ƙananan kaji da suka fara tasawa, ya buga mata akurki na katako a filin baya. Nan fa aka zo wurinta. Sabuwar kaza ba a sakinta, in ji ta, don ba ta san nan ne gida ba. Sai a ɗaure mata ƙafa da tsumma a turke dab da bakin akurki, nan hatsinta, nan ruwanta, da magariba a ɗauke ta da hannu a sa ciki. In an kwana biyu ana haka, a kwance ta, da ƙafarta za ta riƙa shiga.

Akwai wata ja a cikinsu da Asama'u ta ji tausayinta ta kwance a ɓoye. Da magariba, maimakon akurki, kazar ta haye shinge ta faɗa ta baya. Da safe gashinta kawai aka tarar. Daga ranar Yelwa ta fara ganin mai ɓarnar: wani dila ja, yakan zo bakin daji da yamma ya zauna yana kallon gidan, ko jifa ba ta korarsa.

Ga shi kuma magaribar garin nan ba ta da alƙawari. A Malumfashi lokacinta sananne ne. A nan, tun da sanyi ya kama, kullum sai ta matso, har duhu ya koma rufewa tun Badaru da Shafa'atu ba su baro makaranta ba. Gida daga tsohuwa sai yarinya.

Ran nan Yelwa ta sallame salla, ta waiga, babu Asama'u, ƙofa a buɗe. Ta fita ko takalmi babu. Ta same ta a bakin babban titin nan, ƙafa ɗaya ta riga ta sauka, wata doguwar mota ta wuce har iskarta ta kaɗa rigar yarinyar. Yelwa ta fizgo ta, ta zauna daɓas a gefen hanya tana salati.

Ba ta gaya wa iyayen ba, don ta san za su ce a mayar wa Jane. Washegari ta zaɓi ɗankwalinta mafi laushi, ta ƙulla shi da gyale ya yi tsawo, ta ɗaura a ƙafar jikarta, ɗaya bakin a turken kaji, inda take hango ta daga kan sallaya. Ta shimfiɗa mata tabarma, ta ba ta biskit.

"Zauna nan, ƙawata, in yi salla kawai."

Asama'u har dariya ta yi, tana kwaikwayon kukan kaza. A gida wace uwa ce ba ta taɓa ɗaure mai rarrafe don kada ya faɗa wuta ba? Ko kallo ba wanda zai yi. Amma labulen tagar benen maƙwabta ya motsa. Kashegari ma ya motsa. Yelwa, baiwar Allah, har hannu take ɗaga wa labulen, wai tana gaisuwa.

Ranar da ta kwance kajin da safe, don ta ga sun saba, ranar aka zo. Ta tayar da sallar magariba ke nan ta ji an buɗe ƙofar shinge. Wata mata ce daga council, wato ƙaramar hukuma, mai kula da sha'anin yara, da ɗan sanda a bayanta. Yelwa tana jin takunsu, tana jin muryoyinsu, amma ba ta taɓa yanke salla ba a rayuwarta. Kafin ta sallame, sun sa almakashi sun datse ɗankwalin.

Ta fito tana bayani da Hausa. Ta nuna titi, ta nuna daji, ta murza ɗankwalin don su ga laushinsa. Matar tana kallon turken, tana kallon kashin kaji a gefen tabarma. Ana haka Badaru ya shigo. Ya yi magana da su har muryarsa ta dushe, sannan ya juyo, ya kasa haɗa ido da uwarsa.

"Inna, sun ce za ta zauna wurin Jane kafin su gama bincike."

"Ka ce musu mota na hana ta!"

"Na faɗa, Inna."

Ba wanda ya ce wa Asama'u ta ɗauko rigar sanyinta. Da kanta ta shiga ta ɗauko, ta kama hannun matar, guntun ɗankwali na ja a ƙafarta. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da Yelwa ta sami abin riƙewa.

Da motarsu ta tafi, Yelwa ta koma filin baya. Kajin duk sun shige akurki da kansu, sun lafe a jikin juna, ko ɗaya ba ta ɓata ba. Ta sunkuya ta rufe musu.

Bincike ya ja, ya zama kotu, kotu ta ja. An yi an yi da Yelwa ta koma Malumfashi, ta ce ina. Waɗanda suka zauna a Abbey Wood a shekarun nan suna tuna ta. Kullum da magariba takan rufe akurki, sannan ta zagayo ta buɗe ƙofar gida ta bar ta a buɗe, sanyi na kwararowa ciki. In Shafa'atu ta rufe, sai ta tashi ta sake buɗewa.