Ranar da Na Kai Yaya Kasuwar Bindigogi

Muna sallame sallar asuba Yaya ya miƙe ya ce a tafi. Na duba agogo, ko shida ba ta yi ba. Na ce masa wurin da za mu ba a buɗe shi sai tara, kuma daga gidana a Clinton zuwa can ko awa ɗaya ba za mu yi ba. Ya ce soja ba ya isa wuri a kan lokaci, kafin lokaci yake isa. Haka na bar shayin da uwargida ta haɗa yana tururi a kan tebur, na ɗauki makullin mota raina a ɓace.

Ga waɗanda ba su san shi ba, yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, manjo ne a sojan ƙasa na Najeriya, kuma koyarwa yake yi a makarantarsu. An turo shi kwas na wata biyu nan kusa da Washington. Suna da masaukinsu, amma ya ce ba zai kwana a ɗakin gwamnati ba alhali ƙaninsa na da gida. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, saboda haka in ya ce a tafi, tafiya ake yi.

Wani abokin kwas ɗinsa ne ya ba shi labarin baje kolin bindigogi da ake yi a Chantilly, cikin jihar Virginia. Tun daga ranar bai bar ni na sha ruwa ba. Ni kuwa saura kwana tara in shiga intabiyun zama ɗan ƙasa, abin da na shekara goma sha ɗaya ina bi. Lauyata ta ja mini kunne sosai: har a gama, kada sunana ya shiga littafin ɗan sanda ko da a kan ajiye mota ne. Na faɗa wa Yaya haka ya fi sau uku. Ya ce, "Kallo za mu yi, ba yaƙi ba."

Muka hau babban titin da ya kewaye Washington, babu kowa sai manyan motocin kaya. Muna kan gadar kogin Potomac rana ta fara leƙowa, ruwan ya yi jajir, jirage na saukowa ɗaya bayan ɗaya ta hannun dama. Na ce ya duba. Ko kai bai ɗaga ba, don ya riga ya buɗe aji.

Darasin kuwa ɗaya ne, wanda na sha ji a teburin abinci mako uku: yadda sojojin China suke ɗaura wa ƙaramin rukuni ɗamarar wuta. A cewarsa, sun gane cewa mutum tara ko goma da ke kwance suna jiran manyan bindigogi su yi musu ruwan wuta daga baya, galibi kafin wutar ta zo an gama da su. Sai suka ƙera bindiga mai harba gurneti wadda mutum ɗaya zai iya saɓawa, nauyinta kamar kilo goma sha biyu, da gwangwani mai cin gurneti shida, wani kuma ya biyo shi da sauran. Ya ce Amurkawa nasu ƙarami a ƙarƙashin bakin bindiga suke maƙala shi, ɗaya-ɗaya yake harbawa, babban kuma sai a kan mota ko mutum uku su yi ta fama da shi. 'Yan China suka bi tsakiya. Yana bayani yana dukan gaban motata da tafin hannu. Ni injiniyan famfon ruwa ne, jama'a. Me ya haɗa ni da wannan?

Shida da rabi muka shiga Annandale, da sauran awa biyu da rabi da ba mu san yadda za mu yi da su ba. Yaya ya ga allunan shaguna da rubutun da ba ya iya karantawa, ya washe baki ya ce ga mutanen nasa 'yan China nan. Na ce 'yan Koriya ne. Ya ce ai maƙwabta ne. Gidan abincin 'yan Afganistan da na saba zuwa bai buɗe ba, dole muka shiga irin na Amurkawa mai buɗewa da sassafe. Na roƙi matar da ke kawo abinci a soya mana ƙwai da dankali nesa da naman alade, ta ce ba damuwa. Kofi kuwa ko rabi ba ka sha ba za ta zo ta cika maka. Yaya ya dafe bakin kofinsa yana hararar ta, sai da na rantse masa cewa ƙarin kyauta ne.

Abincin na zuwa ya ture shi gefe, ya kwaso 'yan ƙullin sukari ya jera tara a kan tebur, ya ɗauko kwalbar gishiri ya ce wannan shi ne mai harba gurnetin. Da Hausa yake magana, amma sunayen makaman da Turanci yake faɗinsu, da muryar fareti. Ku hasko mana: ƙaton mutum cikin farin kaftani da hula zanna, a gidan abinci, mil kaɗan daga hedikwatar sojan Amurka, yana ambaton gurneti yana nuna ƙofa da cokali. Wasu tsofaffi biyu a teburin gefe suka daina tauna. Na taka masa ƙafa.

"Yaya, don Allah rage murya."

"Laifi na yi?"

"Ba ka yi ba, amma nan ba Kaduna ba ne."

Ya dubi sukarin. Sai ya cire biyu daga layin ya ajiye su gefe, ya ce da ƙaramar murya, "A Darfur na fara ganin aikin bindigar nan. Mu tara ne a bayan wani tudu. Bindigoginmu ba sa kai wa abokan gaba, tasu tana kawo mana. Ko fuskar wanda ya harbo ba mu gani ba. Yarana sojoji biyu a bargo na kwaso su." Tun daga nan, in ji shi, ya ɗau alkawarin duk wanda ya bi ta ajinsa sai ya san wannan makami kafin ya gamu da shi. Na ji tausayinsa har cikin raina. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, ko a lokacin rabin hankalina na kan tsofaffin nan, ko ɗayansu zai ɗaga waya.

Mu ne na huɗu a layi a Chantilly. Kuɗin shiga ya fi na abincin da muka ci, aka buga mana hatimi a bayan hannu, ga allo an rubuta ba a ɗaukar hoto. Ciki kuwa zaure ne da ba ka hango ƙarshensa, tebur bayan tebur kamar Kantin Kwari, sai dai maimakon atamfa bindigogi ne a shimfiɗe, kowace an ɗaure kunamarta da igiyar roba. Ga tsofaffi masu gemu, ga mata na tura jarirai a keke, ga mai sayar da zuma, ga mai sayar da irin kilishinsu wanda ba yaji ba ƙuli. Baƙaƙen fata ba mu fi a ƙirga da yatsu ba, mai kaftani kuwa mutum ɗaya ne a duk zauren.

Yaya ya bi teburan nan ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko suna da bindigar China mai harba gurneti. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce ba a shigo da irinta ƙasar, wani ya ƙare masa kallo daga hula har takalmi ya ce daga ina yake. Ni ina biye da shi ina ta maimaita cewa malamin soja ne, gwamnati ce ta gayyato shi, har bakina ya bushe. Sanyin na'ura ake yi a zauren amma rigata ta jiƙe.

A can ƙurya ya samu abokin hira, wani tsoho da ya yi yaƙin Vietnam. Tsofaffin kayan sojan China ne a teburinsa: ɗamara, gorar ruwa, wani bututun harba roka da aka toshe. Bai da abin da Yaya ke nema, amma ya san zancen. Kafin minti goma tsohon ya naɗe ƙafar wando yana nuna tabo, Yaya ya janye hannun riga yana nuna nasa. Sun fi awa a tsaye. Na gaji na tafi neman ruwan sha, da na dawo na tarar da baƙar leda a hannun Yaya. Ya ce tsaraba ce. Na ɗauka ɗamarar ya saya, ban tambaya ba. Ya ce mu yi azahar a wurin ajiye motoci, na ce wallahi sai mun je gida. Ya jefa ledar a kujerar baya muka kama hanya.

Cunkoso muka fara tararwa, kusan rabin awa muna rarrafe, shi kuma ya koma kan darasi, wai aibin bindigar shi ne dukan da take yi wa kafaɗa. Yunwa, gajiya da haushi suka taru mini. Hanya na buɗewa na take mota ba tare da na duba allon gudu ba. Sai ga shuɗiyar fitilar motar ɗan sanda a madubi.

Na gangara gefe na taka birki da ƙarfi. Ɗan sandan ya zo ta tagata, ya karɓi lasina, ya leƙa baya, sai na ga ya ja da baya taku ɗaya ya dafa ƙugu. Na waiga. Ledar ta zame, ga abu ya fito, kan ƙarfe da mariƙin katako. Gurneti ne.

"Kowa ya ɗora hannu inda zan gani. Na wane ne wancan?"

Yaya ya riga ya shimfiɗa hannuwansa a gaban mota, ko gezau. Ni kuwa ba abin da nake gani sai shekara goma sha ɗayan nan suna tafiya. Bakina ya riga ni.

"Ba nawa ba ne. Nasa ne."

"Me ke tsakaninku?"

"Baƙo ne. Rage masa hanya na yi."

Da Turanci na faɗa, kuma Yaya ya fi ni Turanci. Bai kalle ni ba. Cikin natsuwa ya gaya wa ɗan sandan muƙaminsa da abin da ya kawo shi ƙasar, ya ce abin fanko ne, an huda gindinsa an zubar da hodar, don koyarwa ya saya, rasit na aljihun gaba in an yarda ya ciro. Aka fito da mu, wata motar ta zo, suka duba ramin, suka karanta rasit. Na ga kafaɗunsu sun sauka. Ɗayan har ya ce masa kada ya kuskura ya je filin jirgi da shi.

Sai na farkon ya haɗa fasfon Yaya da lasina a hannu ɗaya, ya dubi wannan ya dubi wancan.

"Sunanku na ƙarshe ɗaya ne."

Gurnetin ba laifi ba ne, ashe. Ƙaryar da na yi wa ɗan sanda ita ce za ta iya bin ni har ɗakin intabiyu.

Yaya ya ce, "A ƙasarmu sunan nan ya yi yawa, ofisa. Ba mu haɗa komai da shi ba. Taimakona ya yi."

Ɗan sandan ya jinjina kai, ya miƙo mana takardunmu, ya ce in riƙa duba allon gudu, yau gargaɗi ne kawai.

Daga nan Yaya bai sake buɗe aji ba. Mako uku ina roƙon Allah ya sa mutumin nan ya yi shiru, da ya yi kuwa na rasa inda zan sa kaina. A kan gada na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, tsoro ne." Ya ce, "Na sani. Duba hanya."

La'asar ta kusa muka iso. Uwargida ta fito da fara'a tana tambayar yadda tafiya ta kasance, ya amsa mata da kyau, ya shafa kan yara, ya yi sallolinsa. Sannan ya fito da jakarsa a hannu, ya ce ya kira abokin kwas ɗinsa zai zo ya ɗauke shi, zai koma masauki har in gama da takarduna, kada zamansa ya jawo mini wata matsala. Na riƙe jakar, na ce ya rufa mini asiri. Ya zare hannuna a hankali, ba faɗa ba tsawa. Da motar ta zo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Na gode da rage hanya."

Masu tambaya ko wurin ya cancanci zuwa: in kana son kallon bindigogi, je ka, amma ka ci abinci a gida, kuma ka tambayi abin da ke cikin ledar abokin tafiyarka. Abin da ni na koyo daban ne. Tun asuba nake jin haushin Yaya, ina ganin shi zai jawo mini asarar takarda. Takarda tana nan lafiya, sunana bai shiga littafin kowa ba, jibi zan sa kwat in je intabiyu. Kuma shi ya tsare mini ita, da ya tsaya a gefen titi ya ce bai haɗa komai da ni ba, bayan ni na fara faɗa. Na kira shi sau shida tun ranar. Yana ɗauka, yana tambayar yara, yana yi mini addu'ar sa'a. In na ce yaushe zai dawo gida, sai ya ce in bari tukuna in zama ɗan ƙasa.