Kawu Inuwa da Sakatar Kejin Zaki

Duk wanda ya zauna a Gyaɗi-Gyaɗi ya san Kawu Inuwa ba ya juya wa ɗaki baya. In zai fita, da baya-baya yake fita, idonsa na kan abin da ya baro. In ya kai waje ya ja ƙofa, ya zura sakata, ya girgiza ta sau uku, sannan ya tambayi na kusa da shi, "An ja sakata?" alhali hannunsa bai bar kanta ba. Ƙanin mahaifiyata ne, kuma shekara da shekaru shi ke ba zaki nama a gidan zoo, shi ke share masa keji. Ku kun sha dariyar wannan hali nasa. Ni ma nakan yi, amma tawa iyakarta leɓe, don na san inda ya samo shi, kuma na san tsoron bai taɓa barinsa ya yi barci mai daɗi ba.

Kun tuna ranar da ya rufe matarsa, Inna Laraba, a banɗaki? Wucewa kawai ya zo yi, ya ga ƙofa a rufe babu sakata, ya zura ta waje ya tafi masallacin Juma'a. Ya dawo ya tarar muryarta har ta dushe.

"Malam, ni kura ce da za ka garƙame ni?"

"A'a, Laraba," in ji shi. "Kura in an rufe ta takan yi shiru ta kwanta."

Kwana uku tuwonsa na zuwa babu man shanu.

Da na zama nas, na kai shi asibitinmu a auna masa jini. Likita ya gama, Kawu ya miƙe ya fara ja da baya. Likita ya ce, "Baba, nan ba fada ba ce, juya ka tafi abinka." Kawu ya ce, "Likita, duk wanda ke riƙe da allura da wuƙa ba na ba shi baya." Bai rufe baki ba ya zauna daɓas a cinyar wata Hajiya da ke kan benci. Sati guda ina sunkuyar da kai a wannan sashe.

Shekarar da soja suka sake miƙa mulki ga farar hula, muna zaune a ƙofar gida rediyo na cewa sun koma bariki, kowa na murna. Kawu ya kara kunne ya ce, "Da kansu suka shiga? To wa ya ja sakata?" Aka kwashe da dariya. Ya ce, "Wancan karon ma haka kuka yi dariya." Sai kowa ya kama duban takalminsa.

To, a wancan karon ne abin ya faru, shekara ashirin kafin nan, ina 'yar shekara bakwai. Da Babbar Sallah na dame shi da kuka sai ya nuna mini zaki kusa, shi kuma don ya burge ni ya shigar da ni ta ƙofar ma'aikata. A lokacin aikin na kasada ne. Ka jefa nama a ɗakin ciki, zaki ya bi, ka tura ƙofar ƙarfe, ka zura sakata ɗaya tal, sannan ka shiga filin kejin da tsintsiya da bokiti. Masu kallo kuwa na ta jifa da tsakuwa da ɓawon rake don a sa shi ya yi gurnani. A ranar, da zaki ya bi nama ciki, Kawu ya tura ƙofar, na tambaye shi ko zaki na yin Sallah, ya tsaya yana dariya yana ba ni amsa. Sakatar ba ta shiga ba.

Yana shara ina riƙe da bokiti, sai na ji ƙarfe ya yi ƙara a hankali. Warin ne ya fara iso ni. Na ɗago na ga zakin tsaye a bakin ƙofa, jini a gemunsa, yana kallonmu ba tare da gaggawa ba. Kawu ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, "Bilki, kama bayan rigata. Kada ki yi kuka. Wasan tafiya da baya za mu yi." Ta tsakanin ƙafafunsa nake hango zakin. Taku goma sha ɗaya muka yi, har yau ina iya ƙirga su. Muna fita ya zura sakata, ya durƙusa ya yi amai, sannan ya sa na rantse ba zan gaya wa uwata ba. Daga ranar ban sake taka gidan zoo ba, kuma duk asubar da gurnanin ya iso unguwarmu sai in ja zane in rufe kaina.

Bayan zancen barikin nan da 'yan watanni ƙafafunsa suka kumbura, jiki ya yi nauyi. Ya kira ni ya ce, "Kai ni in ga sakatar nan. Kullum sai na yi mafarki na bar ta a buɗe, kina ciki." Na ce ina da aiki. Ya ce, "Ƙarya kike, tsoro kike ji. Ni ma shi nake ji. Tashi mu je."

Mun tarar da wani Yohanna, mutumin Filato, shi ke kula da zakin yanzu. Da ya ji ko wane ne Kawu, ya zagaya da mu ta baya. An dasa itatuwa don inuwa, an yi kwarmin ruwa, an ja shinge an nisanta masu kallo, mai jifa kuma korarsa ake yi. Likitan dabbobi ke duba naman kafin a bayar. Kawu bai kalli ko ɗaya ba, ƙofa yake nema. Yohanna ya nuna masa: daga waje ake saukar da ita da sarƙa, kwaɗo biyu, makulli a hannun mutum biyu, kuma babu mai shiga sai ɗayan ya duba.

"In mutum ya manta fa?" in ji Kawu.

"Baba, ƙofar waje ba ta buɗuwa sai ta ciki ta rufu."

"Ko da yarinya ta ɗauke masa hankali da surutu?"

"Yaro ba ya shigowa nan ko kusa."

Kawu ya kama sarƙar ya girgiza sau uku. Zakin, wani sabo ne ba namu ba, yana kwance yana kallonsa. Sai Kawu ya sauke numfashi, ya juya masa baya, ya fara tafiya da sandarsa kamar kowa. Gumi na bin ƙeyarsa, amma bai waiwaya ba. Ni ce na kasa. Na shiga tsakaninsa da kejin, ina ja da baya-baya, idona na kan zakin, har muka fita.

Inna Laraba ta ce daga ranar har rasuwarsa bai sake firgita cikin barci ba. Allah ya jiƙan Kawu Inuwa, ya yafe masa mantuwarsa, ya saka masa da tsayuwar da ya yi a gabana. Allah ya saukar da shi inda babu ƙofar da zai ji tsoron bari a buɗe. Amin.