Sawun da Na Gani Cikin Toka

Shekarun baya, lokacin farin nan da ya sa muka ci ganyen da ko akuya ba ta waiwaya, na yi wani abu da har yau nake jin nauyinsa. Kun saba kowane mako ina ba ku labarin littafin da na karanta. Wannan makon ban gama ko ɗaya ba. Bazara ta shigo da zafinta, mussar gidanmu kuma, wato kyanwa, ta haihu bisa kwalin littattafaina. Ita ta tuno mini.

Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma tun ina saurayi nake son littafin bincike, irin wanda za a yi sata ko kisa, wani mai wayo ya bi sawu har ya kama mai laifi. A kasuwar garin Isa nake sayensu. Na arha nake ɗauka, galibi shafin ƙarshe ya yage, sai ni in yanke wanda ya yi laifin, babu mai ce mini na yi kuskure. Abokina, wanda zana kaɗai ta raba gidajenmu a Unguwar Lalle, Sufeto yake ce mini. Ni kuwa ina amsawa.

A shekarar, abin da ya rage mini a rumbu shi ne geron iri. Ko yara na kuka ba a taɓa shi, don wanda ya ci irinsa ya ci baɗi. Mahaifiyata tana da wata mussa da take rage wa ɗan kunu. Na ce mutum bai ƙoshi ba, ba za a ciyar da dabba a gidana ba. Na sa ta a buhu na kai ta can hanyar Burkusuma na sake, na kuma rantse mussa ba ta ƙara shigo mini gida.

Bayan kamar wata biyu, ana ta duban gabas ana jiran ruwan farko, na leƙa rumbu na ga iri ya yi ƙasa. Na ja layi da gawayi. Kwana huɗu, ya sauka daga layin. Ban gaya wa kowa ba. Na tankaɗe toka na barbaɗa kewaye da rumbu kamar yadda na karanta. Washegari da hantsi na samu sawu: takalmin taya, na hagu da faci a dunduniya. Duk unguwa mutum ɗaya ke da shi, tare ma muka kai shi wurin mai faci.

Na bari har la'asar, da mutane suka cika inuwar da muke zama. Na gyara murya, na fara jero hujja ɗaya bayan ɗaya. Wallahi har daɗin bakina nake ji. Da na kai ƙarshe na nuna ƙafar abokina na ce ya zo ya dafa Alƙur'ani.

Ya dubi takalminsa, ya dube ni. Ya ce, "Awo, sawuna ne. To Sufeto, shi kaɗai ka gani cikin tokar?"

Na ce, "Da na mussa. Mi ya haɗa mussa da maganar ga?"

Ya ce, "Ita ma ka kira ta ta rantse."

Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Ya tashi ya kakkaɓe riga ya tafi gida.

Kafin in isa, magana ta riga ni. Na iske mahaifiyata tsaye bakin rumbu da sandarta. Ta ce, "Duƙa."

Na ce, "Inna, ki bari, na gama bincike."

Ta ce, "Duƙa ka leƙa, ɗan nema. Idonka bai ganin komi sai an rubuta mai shi?"

Na kwanta na leƙa tsakanin duwatsun da rumbu ke zaune a kai. Ga huda, ga ramuka, ga kashin ɓera ko'ina. Tun da na kore mussa suka samu gari. Ita tsohuwa ta daɗe da gani, amma ta ji rantsuwata, sai ta roƙi abokina ya riƙa kawo tasa mussar bayan sallar asuba yana sa ta ƙarƙashin rumbu kafin in dawo daga masallaci. Abin da ya kawo shi ke nan.

Washegari na same shi a zaurensa, mu biyu, na ce ya yafe mini. Ya ce, "Na yahe, Allah shi yahe muna baki ɗai." Har ruwa ya ba ni na sha. Na ce a raina za ni tashi a majalisa in faɗi gaskiya. Ranar farko kunya ta hana ni. Ta biyu na ce ai magana ta mutu, kada in tayar da ita.

Ruwa ya sauka sau biyu, muka yi shuka, ya ɗauke. Shuka ta ƙone. Abokina ya kwashi iyalinsa ya ƙetara Nijar wurin dangin matarsa, kamar yadda mutane da yawa suka yi. Can ya zauna, can aka rufe shi.

Bayan shekaru, ina zaune a kasuwar Sabon Birni, na ji wani yana kwatanta kangon gidan abokina ga wani baƙo. Ya ce, "Gidan wanda ya saci iri lokacin fari ya gudu." Mai maganar ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin. Na gyara masa, ya ce, "To Baba," irin amsar da ake yi wa tsoho don ya yi shiru.

Kuskuren bin sawu ba ya damuna sosai, kowa na yi. Abin da ke damuna shi ne, a gaban jama'a na ɓata shi, a ɓoye na wanke shi. Yana da jikoki, an ce wasunsu suna shigowa fatauci ta wajenmu. In akwai wanda ya taɓa jin wancan zance, to ga shi daga bakin wanda ya ƙirƙire shi: mutumin nan bai ɗauki ko ƙwaya ɗaya ba. Irina ya zo ceto.