Sharaɗin Kwamin Iyo

Har in koma ga Allah ba zan manta da Litinin ɗin da na dawo daga hutun babbar Sallah ba. Lokacin ina shekara ta uku a wani otal a Enugu, ni ne mai kula da kwamin iyo, wato a jerin ma'aikata daga ni sai mai shara. A samana akwai manaja, Oga Emeka, a samansa kuma Cif, mai otal ɗin.

Bari in yi wa sababbinku a sana'ar nan bayanin na'urar tsabtace ruwan. Gishiri ake zubawa a ruwan, inji ya riƙa tura shi ta wani bututu mai faifan ƙarfe a ciki. Wutar lantarki ce ke sa gishirin ya fitar da kulorin, maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta. In babu wuta, to ruwan miya kawai ka haɗa.

Shi kuwa Oga Emeka, da an ɗauke wuta an tayar da janareta, injin ruwa yake fara kashewa, wai yana shan dizal. Na yi bayani har bakina ya gaji, na haƙura. Kullum da safe in na iso daga unguwarmu Asata, sai in gwada ruwa, in ƙara gishiri in da buƙata, ina ƙarasa lazimina a hankali, sannan in faki idonsa in kunna injin. Ashe 'yan kicin suna leƙena: ga Bahaushe yana watsa farin abu a ruwa, baki na motsi. Shi ke nan, na zama boka ban sani ba.

Kwana goma na yi a Kano. Na dawo na tarar da ruwa kore shar, gansakuka har matakala, ga wani ƙaton kwaɗo yana iyo abinsa kamar shi ya kama ɗaki. Ranar Asabar kuma bikin 'yar Cif, a bakin ruwan za a yi. Oga Emeka ya juye gishiri buhu-buhu, har na kicin bai bari ba, da ya ga ba ci sai ya rubuta takardar korata, wai na lalata na'ura na gudu. Jama'a, 'ya'yana huɗu!

Cif ya sa aka kira ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, na'ura lafiyarta ƙalau. Wuta take so, awa takwas kullum."

Ya kori kowa daga ofis, ya rage murya. "Malam, yanzu mu biyu ne. Me kake karanta wa ruwan?"

"Wallahi Cif, lazimina ne, ba abin da ya haɗa shi da ruwanka."

Ya yi murmushi, ya kashe mini ido. "Na gane, ba a faɗin sirri. To aikin nan, me yake buƙata? Rago? Farin zakara?"

Innalillahi! Na ce, "Ba ya buƙatar komai sai dai kada a kashe injin."

"Sharaɗin ke nan?"

"Shi ke nan."

Nan take ya kira Oga Emeka, ya yaga takardar a gabansa, ya ce duk wanda ya karya sharaɗin Malam ya kwashe kayansa. Na rage ruwan na ƙara sabo, na goge bango, na wanke faifan, inji bai huta ba kwana huɗu. Ranar Asabar ruwa garau, kana hango ƙasansa. Tun daga nan Oga Emeka ko kusa da makunnin ba ya bi, har gaishe ni yake da hannu biyu.

Abin ya tsaya mini a rai, sai na kai wa limaminmu na Asata. Ya ce, "Habu, ka yi ƙarya?" Na ce a'a. "Ka karɓi ragon?" Na ce a'a. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "To je ka kunna injinka."

Abin da na koya ke nan a sana'ar nan. Shekara biyu ina faɗar gaskiya a matsayin ma'aikaci, ba wanda ya ji. Ranar da aka ɗauke ni boka, maganar ba ta canza ba ko harafi ɗaya, amma dizal ya samu. Har na bar otal ɗin an tambaye ni laƙanin kasuwa, an tambaye ni na haihuwa. Yadda na'urar take aiki kuwa, ku ne na farko da kuka zauna kuka saurara.