Esin da Ba Ya Mutuwa a Gaban Baƙo

Har gobe ban manta da ranar da Oga Lawal ya tura ni garin Babban Mutum duba wani esi ba, wato na'urar sanyaya ɗaki. Cikin watan Afrilu ne, tsakiyar bazara, lokacin da in ka manta sifana a rana sai ka sa tsumma kafin ka ɗauka. A shagonmu na nan Daura daga Oga sai ni, kuma ƙa'idarmu ita ce aikin da ƙananan ma'aikata suka je suka koma bai yi ba, ni ake turawa. Wannan kuwa an je, an koma.

Mai esin wani dattijo ne, Malam Ilu, tsohon dillalin shanu, wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar. Da aka sallamo shi daga asibiti, likita ya ja kunnen iyalinsa kada a bar shi cikin zafi. Babban ɗansa, Alhaji Nura, da ke aiki a Kano, ya so ya tafi da shi can. Dattijo ya ƙi ƙememe. Magana da ƙyar take fita daga bakinsa, amma "a'a" ɗin nan tas take fita. Matarsa kuma, Inna Tabawa, ba ta iya barin gida da dabbobi da marayun jikokinta ta bi shi. Sai aka yi sulhu. Alhaji ya sa sola babba, ya sayi sabon esi, mu muka ɗaura, bisa sharaɗin in ɗaki ya yi sanyi Baba ya zauna a gidansa, in bai yi ba a tafi Kano.

To, ɗaki bai yi ba. Da safe esi na aiki lafiya lau, da azahar ta yi sai ya koma hura iska mai ɗumi har wajen magariba, daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Wanda muka fara turawa ya ƙara gas ya dawo. Na san ku ai, ku yaran shago, esi ko tari ya yi sai ku ce gas ya ƙare. Na biyu ya ce kwamfuresa ce ta tafi, wato injin da ke jikin akwatin waje, mai tura gas ɗin ya zagaya. Da na titsiye su, kowannensu ya amsa cewa a gabansa dai esin bai mutu ba.

Ranar Asabar da safe Alhaji Nura ya kira Oga. Ya ce ga shi a gida da mota, in yau ba a gano abin ba, gobe zai ɗauki mahaifinsa ko yana so ko ba ya so, don jiya jinin dattijon ya hau har sun tsorata. Oga ya dube ni ya ce in ɗauki kaya, kada in dawo masa da labarin gas.

Na bi ta Zango na isa da hantsi. Kun san yadda ake shiga gidan mutane. Na yi sallama, Alhaji ya fito ya zaunar da ni a zaure, ya leƙa ciki ya ce za a shigo. Ina jin ƙarar tsintsiya da jan kwanuka ana kimtsawa. Aka jima kafin aka ce bismillah. Tsakar gida fes, ko kara babu.

Na gaida Malam Ilu a ɗakinsa. Ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya, ya daɗe bai saki ba, yana dubana. Wallahi na gane abin da yake roƙo, kada a raba shi da gidansa.

Na fara aiki yadda nake koya muku, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Na auna wutar da sola ke bayarwa, tana cike. Na ciro ragar da ke tace ƙura a akwatin cikin ɗaki, ba ta toshe ba. Na zagaya bayan ɗaki inda akwatin waje yake, a jikin bangon yamma, na ɗaura geji, abin auna gas. Gas har ya ɗan yi yawa, albarkacin mutuminmu, sai da na rage. Na duba kafasita, wannan ɗan gwangwanin da ke taimaka wa inji ya tashi, lafiyarsa ƙalau. Fanka na juyawa, kwamfuresa na ƙugi yadda ya kamata.

Na ce wa Alhaji zan zauna in ga mutuwar da idona. Muka yi sallar azahar, aka kawo fura muka sha, rana ta dawo ta daki bangon nan sosai. Esi na ta zuba sanyi kamar ya san da zuwana. Alhaji ya fara duba agogo. Ya ce haka ya yi wa na baya ma, gobe ina tafiya zai mutu, shi kuwa ba zai yi caca da ran mahaifinsa ba. Ban ga laifinsa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ba abin da ya kai inji mai lafiya a gabanka wuyar gyara.

Na koma bayan ɗaki na tsuguna ina ta kallon akwatin. Jikinsa akwai wasu siraran ƙarafa jere kamar haƙoran mataji, ta nan yake shaƙar iska ya fitar da zafin ɗaki. A tsakaninsu na ga wasu zarurruka ja-ja sun maƙale. Na zaro ɗaya na murza, zaren buhun algarara ne. A saman akwatin ga shatin ruwa da ya bushe, alhali rabonmu da ruwan sama tun kaka. Na ɗaga kai, can gindin randa ga buhunan algarara a ninke, a jiƙe, da igiya a kai.

Inna Tabawa na zaune a inuwa tana tsince wake. Na je na durƙusa na sake gaishe ta, muka taɓa hirar zafi. Sannan na tambaye ta ko akwai abin da take yi wa akwatin nan in rana ta take.

Ta ce, "Ai dole, ɗan nan. Ran nan na taɓa shi da azahar, sai da ya ƙona min hannu. Na ce abin da ke ba Malam sanyi, shi a bar shi tsirara a rana? Sai nake jiƙa buhu in lulluɓe shi in ɗaure, yadda nake yi wa randa."

Na ce to yau fa? Ta dube ni kamar na yi tambayar banza. Ta ce baƙo zai shigo gida ya tarar da tsummokara a rataye? Duk ranar da aka ce masu gyara sun zo, da su take fara kwashewa.

Na yi mata bayani a hankali. Randa ba ta numfashi, shi kuwa wannan numfashi yake yi. In aka rufe shi zafinsa ba ya samun hanyar fita, sai wata 'yar na'ura da ke ciki ta kashe injin don kada ya ƙone, fankar ɗaki kuma ta ci gaba da hura iskar banza. Sai da yamma in Inna ta kwance buhun ya huce, sannan ya tashi.

Ta ajiye faifan waken.

"Ashe ni ce zan raba shi da gidansa," in ji ta.

Tausayinta ya kama ni. Na ce mata ganinta daidai ne, rana na wahalar da injin, mu ma da muka ɗaura shi a bangon yamma ba inuwa ya kamata mu yi wannan tunanin. Inuwa yake so daga sama, iska kuma ta ko'ina. Na ce zan gaya wa Alhaji inji ne ke rasa iska da rana, kuma ba ƙarya na yi ba, ba sai an ambaci sunan kowa ba.

Ba ta yarda ba. Ta tashi ta kira ɗanta har ƙofar ɗakin Malam, ta faɗa masa komai da bakinta. Ta ce in ba ta faɗa ba, zai tafi da shakka a ransa, gobe ya ɗauke mata miji saboda laifin buhu. Sai muka ji wani sauti daga kan gado, muka ruga a tsorace. Ashe dariya Malam Ilu ke yi, da rabin bakinsa, har da hawaye, yana nuna ta da yatsa. Alhaji ya zauna a bakin gado shi ma ya kama, yana cewa, "Inna, kin lulluɓe mu muna yara mun yi rai, shi wannan ba irinmu ba ne."

Don kowa ya gani da idonsa, na sa aka lulluɓe akwatin yadda ta saba. Ba a jima ba inji ya ɗauke. Muka yaye, muka jira ya huce, ya tashi. Kafin la'asar ta yi sanyi mun kafa 'yar rumfa da itace da zana, sama da akwatin sosai, gefe duk a buɗe. Na wanke ƙarafan nan da ruwa, na fitar da zaren buhu. Na kuma koya wa Inna yadda ake ciro ragar cikin ɗaki a wanke ta duk ranar Juma'a, don na lura mace ce da in ba ka ba ta abin yi ba, za ta nemo da kanta.

Alhaji ya ce zai ƙara kwana biyu ya gani. Ranar Talata ya kira Oga daga hanyar Kano, shi kaɗai a mota.

Abin da nake so ku riƙe, musamman ku sababbi, shi ne gidan da kuke shiga ba shi ne gidan da inji ke zaune a ciki kullum ba. An share muku shi, an kawar da komai, saboda girmama baƙo. Geji zai gaya muku halin gas, amma ba zai gaya muku abin da ake yi in kun juya baya ba. Sai kun durƙusa kun gaida mutanen gida, kun tambaye su ba da fuskar tuhuma ba. Kuma a shekarun da na yi a sana'ar nan, ɓarnar da na gani ta sakaci ba ta kai wadda kulawa ta jawo ba, don haka kada ku kunyata wanda ya yi kuskure yana ƙoƙarin alheri. Ku nuna masa inda zai sa hannunsa.

Bayan sallah babba aiki ya kai ni Baure, na ratsa na gaishe su. Na tarar da Malam Ilu a ƙofar gidansa bisa kujera, da sanda a gefe, wani Bafulatani ya kawo masa bijimi yana neman ya faɗa masa ko ya sayu. Dattijo ya sa aka juya masa shi gaba da baya, ya daɗe yana dubawa, sannan ya girgiza kai ya ce a mayar.