Malama Clara da Matar da 'Yarta Ke Kira Umma

Malama Clara 'yar Wusasa ce, aure ya kawo ta Samaru. Ta daɗe tana koyarwa a firamare, har ya zama rabin masu shagunan unguwar sukan rusuna su gaishe ta. Mijinta Henry ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya tilo, Peculiar. Ita kaɗai ta raine ta, kuma a ranta ta ɗauka duk abin da yarinyar za ta iya a duniya daga hannunta zai fito.

Clara ba ta iya ganin ledar fiya wata a ƙasa ta wuce. Ledojin nan ne ke toshe lambatun makaranta da damina, ruwa ya shigo aji. Don haka takan tsince su, ta wanke, ta shanya a igiya, ta ɗura a buhu. Ba ta san abin da za ta yi da su ba. Ita dai kada su tafi bola, kada kuma a cinna musu wuta hayaƙi ya cika unguwa.

Peculiar ce ta samo musu amfani. Da ta gama jami'a aiki ya ƙi samuwa, sai ta haɗu da wata mata a kasuwar Sabon Gari mai suna Rahamatu, mutuniyar Zabi, wadda ke yanka leda siri-siri tana saƙa jakunkuna da tabarmi da kwarashi. Peculiar ta fara ɗaukar buhun uwarta tana zuwa koyo.

Da farko Clara ta yi murna. Abin ya fara ɓaci ne ranar da Peculiar ta ce, "Mama, Umma ta ce a riƙa ware fararen daban."

"Wace Umma?"

"Umma Rahamatu mana."

Daga nan kullum sai Umma ta ce, Umma ta yi. Ran da yarinyar ta dawo da dambu a kwano, Clara ta ɗanɗana, ta ce gishiri ya yi yawa, alhali ya yi mata daɗi.

Da ɗalibai suka shirya baje koli a Samaru, jakunkunan Peculiar suka ƙare kafin azahar. Aka miƙa mata lasifika, ta yi ta yabon Umma Rahamatu wadda ta sa mata sana'a a hannu. Can ƙarshe ta ce, "Da kuma Mamana." Clara ta tafa tare da kowa, ta koma gida ta kwance igiyar shanya. Buhunan da suka rage ta bai wa wani mai sayen tsofaffin robobi, ta ce wa 'yarta bayanta ne ke ciwo.

Peculiar ba ta yi musu ba, ta koma bin shaguna tana tsinta da kanta. Wannan ya fi ƙona wa Clara rai. Ta sayo kwarashi a ɓoye ta gwada saƙar, abin ya fito a karkace, ta cusa shi ƙarƙashin gado. Daga ƙarshe ta hau keke napep zuwa Zabi, ta ga matar nan da idonta.

Ta tarar da wata 'yar siririyar tsohuwa mai tabarau, zaune a kan tabarmar leda, ta miƙe ƙafa ɗaya saboda ciwon gwiwa.

"Malama ce? Sannu da zuwa. Yaya bayan?" in ji Rahamatu.

"Da sauƙi, Maman Umar Farouk," Clara ta amsa, tana ƙare wa tsakar gidan kallo ko za ta ga abin kushewa. Ba ta gani ba.

Rahamatu ta zuba mata kunu. "Tun da kika kwanta, ledojin da ke zuwa wari suke yi. Mu wanke mu wanke, ba sa fita kamar naki." Ta miƙa mata kofin. "Ni maza Allah ya ba ni, ba mai zama kusa da ni. Aron 'yarki nake yi. La'asar na yi za ta miƙe, ta ce Mama na jira."

Clara ta zo da maganganu a baki, amma sai ta shanye kunun ta yi sallama. A hanyar komawa ta ji haushin matar ya ƙaru, don da ta same ta mai girman kai da abin ya fi mata sauƙi.

Ta koma tsinta da wanki, har ta sa zumuntar matan cocinsu suna tara mata leda da gorar ruwa. Ranar Asabar takan je Zabi ta zauna tana yanka, kunnenta na kan duk abin da 'yarta da Rahamatu ke faɗa wa juna. In suka yi dariyar da ba ta gane ba, almakashinta ya ƙara sauri.

Bana wani saurayi mai suna Collins ya aiko neman auren Peculiar. Clara da kanta ta kai wa Rahamatu labari da goro.

"Ki zo coci ranar, za a tanadar miki kujera," ta ce. "Amma ni zan riƙe hannunta."

"Ai hannunki ne, Malama," in ji Rahamatu, ta ci gaba da saƙarta.